Namiji Ɗaya, Mata Da Yawa: Yadda Tsofaffin Marubuta Ke Ɗaure Irin Wannan Labari

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da kusan duk al'ummar da adabinta ya yi zurfi ta taɓa shi. A ɗauki namiji guda, a bi shi daga ƙuruciya har furfura ko har kabari, ana nuna matan da suka ratsa rayuwarsa. Daga nesa mutum zai ce ai babu labarin da ya fi wannan sauƙin rubutawa, in zance ya fara sanyi sai a shigo da sabuwar mace. Wannan sauƙin kuwa shi ne ramin da yawancin masu gwadawa ke afkawa. Littattafan irin wannan da suka rayu shekara 200, wani ma 1000, ba su da yawa, kuma in ka kwance zubinsu ka duba za ka tarar sun yi tarayya a abu guda. Ba namijin ne ke ɗauke da labarin ba, matan ne. Shi halinsa bai cika sauyawa ba. Ta kansu muke gane ko wane ne shi, kuma a kansu abin ke ƙarewa.

Bari mu fara da lissafi, domin a nan kuskuren farko yake. A wasan waƙa na Don Giovanni, wanda Mozart ya yi wa kiɗa aka fara nunawa a birnin Prag a 1787, baran tauraron yana da kundi da yake rubuta matan da ubangidansa ya yaudara: 640 a Italiya, 231 a Jamus, 100 a Faransa, 91 a Turkiyya, 1003 a Sifaniya. Jimla 2065. To amma mata nawa ɗan kallo ke gani da idonsa, ya ji muryarsu, ya san damuwarsu? Uku kacal. Sauran 2062 fankama ce ta bara, ba su da fuska. Manyan littattafan ƙarni na 19 ma a wannan ma'aunin suka tsaya. A cikin marubutan Faransa, Stendhal mata 2 ya ba tauraronsa muhimmai, Flaubert 4, Maupassant 4, Lermontov na Rasha ma 4.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin mace ta zama mutum a idon mai karatu, sai labari ya bi da ita ta matakai biyar: haɗuwa, shaƙuwa, juyin da ke sa abin ya fara tsami, rabuwa, da kuma abin da ya same ta bayan rabuwar. In ka ba kowane mataki babi guda, mata 4 sun cinye babi 20, littafi ya cika. Marubucin da ya cusa mata 10 a wannan filin dole ya yanke wani abu, kuma kullum matakai biyu na ƙarshe yake yankewa, saboda haɗuwa ta fi daɗin rubutawa. Sai littafi ya zama haɗuwa goma a jere, kamar duwatsun wuya da aka zuba a faranti babu zare. Mai karatu zai kai mace ta shida ya manta sunan ta biyu, ya ajiye littafin.

Littafi ɗaya ne na sani da ya ɗauki mata masu yawa bai zube ba, shi ne Labarin Genji, wanda Murasaki Shikibu, wata mai hidima a fadar sarkin Japan, ta rubuta a farkon ƙarni na 11. Babi 54 ne, da taurari fiye da 400, da gajerun waƙoƙi kusan 800. Tsawon kaɗai bai isa ya bayyana nasararsa ba, domin Ihara Saikaku ma ya yi littafi mai babi 54 a 1682, yana bin wani manemin mata shekara bayan shekara daga 7 zuwa 60, kuma duk da kaifin alƙalaminsa, da wuya ka tuna mace guda a ciki. Saboda haka ya kamata a tsaya a duba abin da Murasaki ta yi.

Abu na farko, ta ba neman matan Genji tushe. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara 3. Mahaifinsa, sarki, ya auri Fujitsubo saboda an ce masa tana kama da marigayiyar. Yaro ya tashi yana jin ana faɗin wannan kama, zuciyarsa ta kamu da matar ubansa, abin da ba shi da mafita. Daga baya ya ga wata yarinya 'yar kimanin shekara 10, ɗiyar ɗan'uwan Fujitsubo, mai kama da ita, ya ɗauke ta ba da sanin mahaifinta ba, ya rene ta a gidansa, ya mayar da ita matarsa. Ita ce ake kira Murasaki a cikin labarin. Wannan ɗauka zalunci ne, kuma marubuciyar ba ta lulluɓe shi ba: ta nuna yadda yarinyar ta ƙi yi masa magana, ta ƙi kallonsa, ranar da ta gane abin da mutumin da ta ɗauka uba yake nufi da ita. Amma ka lura da zaren: uwa, matar uba, yarinya. Kowace madadin wadda ta gabace ta ce. Da wannan zaren mai karatu ke gane cewa mutumin ba yawo kawai yake ba, yana bin abin da ba zai taɓa kamawa ba.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so marubuta su ɗauka. A wannan littafin mace ba ta ɓacewa don namiji ya gaji da ita. Uwargida Rokujo, matar marigayi yarima mai jiran gado, ta girme shi, ga ilimi ga alfarma. Ya yi sakaci da ita. A wajen wani biki bayin matarsa Aoi suka ture keken Rokujo gefe, suka wulaƙanta ta a bainar jama'a. Daga nan kurwarta ta riƙa fita ba da saninta ba tana addabar Aoi, har Aoi ta rasu jim kaɗan bayan haihuwa. Yadda Rokujo ta gane abin da ke faruwa shi ne gwaninta: ta riƙa jin ƙaurin turaren da masu korar aljanu ke ƙonawa a ɗakin mara lafiyar yana tashi daga gashinta da tufafinta, ta wanke, bai fita ba. Ba a mayar da ita mayya ba, an nuna mace ce da baƙin cikinta ya fi ƙarfinta. Shekaru da yawa bayan rasuwarta, kurwar ta sake dawowa kan wasu matansa biyu. Haka kuma wata gimbiya matalauciya mai jan hanci, wadda ya manta da ita sarai lokacin da ya yi gudun hijira zuwa Suma, ta zauna a gidan da ke rushewa tana jiransa, kuma an ba jiran nata babi guda cur. Kowace mace ta zama bashi a wuyansa, littafin kuma ba ya yafe bashi.

Abu na uku, sakayya daga cikin aikinsa ta fito, ba daga sama aka jefo ta ba. Genji ya yi wa matar ubansa ciki a ɓoye, ɗan ya girma a matsayin ɗan sarki har ya hau gadon sarauta. Yana shekara 40 ya auri wata gimbiya ƙarama, auren da ya karya zuciyar Murasaki. Sai wani saurayi, Kashiwagi, ya shiga wurin gimbiyar, ta haifi Kaoru. Genji ya ɗauki jaririn da duniya ke cewa nasa ne, shi kuwa ya san ba nasa ba ne, yana tambayar kansa ko ubansa ma ya sani ya yi shiru. Tsakanin laifin da sakayyar akwai babi kusan 30. Wannan haƙurin ne ya sa abin ya yi nauyi. Da an kawo shi bayan babi uku, da wa'azi ya zama.

Shawara ga mai niyyar karanta shi: ka ajiye takarda kusa. Mutanen littafin ba a kiransu da sunan yanka, da muƙami ko wurin zama ake kiransu, muƙamin kuma yana sauyawa in mutum ya samu ƙarin girma. Ka riƙa rubuta shekarun Genji a kowane babi da matar da ke wane gida. Fassarar Turanci ta Seidensticker, ta 1976, tana amfani da laƙabi tsayayye, ta fi sauƙi ga mai farawa. Ta Royall Tyler, ta 2001, ta bi muƙamai kamar asalin, amma tana jera taurari a farkon kowane babi.

Yanzu zubin mata biyu, wanda ya fi kowane yawa kuma ya fi kowane lalacewa. Lalacewarsa guda ce: a yi ɗaya waliyyiya, ɗaya shaiɗaniya. Da zarar an yi haka babu sauran zaɓi, mai karatu ya san ƙarshe tun daga babi na biyar, yana jira ne kawai tauraro ya farga. Littafin Stendhal na 1830, Ja da Baƙi, ya nuna yadda ake kauce wa wannan. Julien Sorel ɗan mai injin yanka katako ne, ya shiga gidan magajin gari yana koyar da yara. Matar gidan, Madam de Rênal, mai taushin zuciya ce, ba ta taɓa sanin so ba. Daga baya a Paris ya haɗu da Mathilde, ɗiyar babban basarake, mai girman kai, wadda ba ta son namiji sai in tana jin zai kuɓuce mata. Babu mugu a cikinsu, kowace tana da abin da ɗayar ba ta da shi. Kuma mai taushin zuciyar ce ta rubuta wasiƙar da ta rusa shi, mai girman kan ce ta yi ta fafutukar ceto shi daga hukuncin kisa.

Dubi yadda aka gina matakin farko. Suna zaune a lambu da dare, Julien ya ɗaura wa kansa sharaɗi: agogo na buga ƙarfe 10 zai kama hannun Madam de Rênal, in ya kasa zai hau ɗakinsa ya harbe kansa. Riƙe hannu kawai, amma an ba shi lokaci ƙayyadadde, da mutum na uku a zaune kusa, da abin da zai faru in an kasa. Kuma a wannan ɗan fagen an gaya mana gaskiyar yaron: ba so ke tura shi ba, zafin talauci ne da son nuna cewa shi ma mutum ne a gaban masu kuɗi. Da Mathilde kuwa dabara ya yi, ya karɓi wasiƙun soyayya fiye da 50 daga wani abokinsa ɗan Rasha, yana kwafewa yana aika wa wata mata daban don kishi ya kama ta. Ya yi nasara, kuma nasarar ce ta nuna cewa abin nasu yaƙi ne. Sai da ya shiga kurkuku, bayan ya harbi Madam de Rênal a coci ba ta mutu ba, sannan ya gane wadda yake so. Abin koyo a nan: kowace mace a ba ta hanyar nema daban, domin hanyar da namiji ya bi ya samu mace ita ke faɗin abin da yake nema a wurinta.

In mata sun kai huɗu, matsalar ta sauya. Yanzu abin tsoro shi ne littafi ya rabu gida huɗu da ba su san juna ba. Flaubert, a littafinsa na 1869 kan Frédéric Moreau, ya magance wannan da kuɗi da kaya. Madam Arnoux matar aure ce da ya gani a jirgin ruwa a 1840 yana shekara 18, ya yi ta begenta har tsufa. Rosanette mace ce mai zaman kanta, kuma farkar mijin Madam Arnoux ce. Madam Dambreuse matar attajirin banki ce. Louise 'yar maƙwabcinsu ce a garinsu. Ka ga tun daga nan an ɗaure su: mijin ta farko yana ajiye da ta biyu, kuma mijin ta uku na binsa bashi. Akwai wani ƙaramin akwatin ado da Frédéric ya fara gani a gidan Arnoux, ya sake ganinsa a gidan Rosanette, ya koma wurin mai shi, a ƙarshe aka yi gwanjon kayan Madam Arnoux saboda bashi, Madam Dambreuse ta saye shi a gabansa don ta ƙuntata masa. A kan wannan akwatin ya fasa aurenta da dukiyarta. Abu guda ƙarami ya zaga gida uku, ya ɗinke shekaru da yawa.

Ka kuma lura da yadda ya yi da ranar alkawari. A watan Fabrairun 1848, ranar da tarzoma ta fara a Paris, Frédéric ya kama ɗaki ya ƙawata shi, yana jiran Madam Arnoux a bakin titi. Ba ta zo ba, ɗanta ne ya kwana yana shaƙewa da ciwon maƙogwaro, ta ɗauki abin a matsayin gargaɗi daga Ubangiji. Shi bai san dalili ba. Cikin fushi ya kai Rosanette wannan ɗakin da ya shirya wa wata, da dare ta farka ta tarar yana kuka. Mai karatu ya ga ɗakin mara lafiya, tauraro bai gani ba. Wannan tazarar tsakanin abin da muka sani da abin da ya sani ita ce ke haifar da tausayi, kuma ba ta samuwa sai in marubuci ya yarda ya bar namijin a titi ya shiga ɗaki wurin matar.

Maupassant a Bel-Ami, 1885, ya yi zubi mafi sauƙin koyo. Georges Duroy tsohon soja ne da ya dawo daga Aljeriya ba ko sisi, kuma kowace mace mataki ce a gare shi. Madeleine ce ta shifta masa maƙalarsa ta farko a jarida, domin bai iya haɗa jimla ba, daga baya ya aure ta, ya tilasta mata raba gadon faran miliyan 1 da wani ya bar mata, ya kuma kawo 'yan sanda suka kama ta da minista don ya samu hujjar saki. Clotilde ce ke biyan kuɗin ɗaki, tana saka masa tsabar zinariya a aljihu. Matar mai jaridar ta ba shi sirrin kasuwa. Ɗiyar mai jaridar ta ba shi dukiyar gidan gaba ɗaya. Daga nan za ka iya ciro gwajin da ya dace da kowane rubutu irin wannan: cire mace guda ka ga ko babin da ke biye zai tsaya. In an cire Madeleine, Duroy ba zai zama ɗan jarida ba, littafin ya mutu a babi na uku. In ka cire wata daga naka labarin bai girgiza ba, to ado ce, ka cire ta ɗin, ko ka haɗe ta da wata.

Sai batun wanda ke ba da labari, kuma a ganina nan ne ake rabuwa tsakanin littafin da ke nazarin manemin mata da littafin da ke yi masa kirari. In namijin ne ke magana da bakinsa daga farko har ƙarshe, zai wanke kansa, ko da yana zargin kansa ne, domin zargin kai ma wata hanya ce ta neman a so mutum. Lermontov, a Gwarzon Zamaninmu na 1840, ya san haka, sai ya hana tauraronsa Pechorin magana har tsakiyar littafi. Kashi na farko wani tsohon hafsan soja mai sauƙin kai ne ke bayarwa: yadda Pechorin ya sa aka sato masa Bela, ɗiyar wani basarake a tsaunukan Kaukasus, ya biya ƙanenta da dokin wani, ya yi ta lallashinta har ta so shi, ya gundura cikin 'yan watanni, mai dokin ya dawo ya soke ta, ta yi kwana 2 tana jinya ta cika. A kashi na biyu mun gan shi da ido, yana yi wa wannan tsohon da ke ƙaunarsa gaisuwar sama-sama. Sai aka sanar da mu ya mutu a hanyar dawowa daga Farisa. Bayan duk wannan ne aka buɗe mana kundin da yake rubuta sirrinsa.

Amfanin wannan jeri a bayyane yake. A kundin, Pechorin mai fasaha ne, mai iya tone zuciyarsa, mai jan hankali. Da da shi aka fara, da mai karatu ya bi shi kamar yadda Gimbiya Mary, budurwar da ya yaudara a cikin kundin, ta bi shi. Amma mun riga mun ga gawar Bela, don haka duk jimla mai daɗi da ya rubuta muna auna ta da abin da muka gani. Jerin faruwar abubuwa daban, jerin bayar da su daban, kuma da gangan aka yi. Marubucin Faransa Laclos ya bi wata hanya a 1782, littafinsa wasiƙu 175 ne. Valmont, manemin matan littafin, zai rubuta wa matar da yake farauta wasiƙar tuba da hawaye, ya juya ya rubuta wa abokiyar makircinsa yana bayyana dabarar, mai karatu na riƙe da duka biyun. Matan kuma da alƙalaminsu suke magana, ba ta bakinsa ba. Ko wace hanya ka zaɓa, ka tabbata akwai aƙalla murya guda da namijin ba shi da iko a kanta.

Kan abin da ke faruwa a bayan ƙofa ba sai an tsawaita ba. Waɗannan littattafan kusan duka layi ɗaya ko biyu suke ba shi, wani lokaci ma tsallakewa suke. Shafukan suna tafiya ne a kan kafin da bayan, wa ya fara kau da kai da safe, wa ya aiko saƙo, wa ya yi jinkirin amsa. A Genji, wasiƙar safiya da launin takardarta da saurin isowarta sun fi daren kansa faɗin matsayin mace.

Fage mafi wuya shi ne rabuwa, kuma shi ne wanda sababbin marubuta ke gudu. Suna kawo tafiya, ko haɗari, ko su gano wa matar wani laifi don namiji ya fita da hannu tsarkakakke. Wanda ke son koyon wannan fage ya nemi Adolphe na Benjamin Constant, 1816, ɗan ƙaramin littafi mai babi 10. Saurayi ya nemi Ellénore, wadda ta girme shi da shekara 10, don kawai ya ga abokinsa yana soyayya, shi ma yana so a so shi. A ƙarshen babi na 3 ya same ta. Sauran babi 7 duk ƙoƙarin barinta ne. Ta bar mutumin da ke riƙe da ita, ta bar 'ya'yanta 2, ta bar mutuncinta a idon jama'a, kuma kowace sadaukarwa ƙara ɗaure shi take alhali son ya riga ya tafi. Ba ya iya cewa ya daina, ba ya iya zama da gaske. Yakan ɗaura niyya, ya ga hawayenta, ya janye, ya tsani kansa, ya huce a kanta. A ƙarshe wasiƙar da ya rubuta wa abokin mahaifinsa yana alkawarin rabuwa da ita ce aka aika mata, ta kwanta ciwo ta rasu. Rabon shafukan shi ne darasin: kashi 3 na samu, kashi 7 na rabuwa. Yawancin rubutun da ke faɗuwa sun juya wannan rabon, ko ma sun ba rabuwa shafi guda. Kuma Constant ya nuna abin da ba a cika faɗa ba, cewa tausayin da ba gaskiya a cikinsa yana iya kashe mutum fiye da mugunta.

Saura ƙarshen labari. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tuban dare ɗaya: mutum ya yi babi 30 yana ɓarna, a na 31 ya yi rashin lafiya, ya farka salihi, matar da ta fi haƙuri ta karɓe shi. Ba tuba ce matsalar ba, mutane na tuba. Matsalar ita ce an yi amfani da ita an share bashin, an kuma mayar da haƙurin mace lada ga wanda ya cuce ta. Maupassant ya ƙi hukunta Duroy sam, ya bar shi yana fitowa daga babban coci da amarya, jama'a na kallo, tsohuwar farkarsa ta matsa hannunsa alamar za su ci gaba. Wannan ƙarshen ya fi hukunci zafi, domin tuhumar ta tashi daga kan mutum guda ta koma kan garin da ya ɗaga shi. Flaubert ya bar nasa da rai, bai samu komai ba, Madam Arnoux ta ziyarce shi a 1867 da furfura, shi kuma ya ji tsoron kada ta ba shi abin da ya shekara 27 yana nema.

Wanda ya fi burge ni a wannan fannin shi ne Ɗayyib Salih na Sudan, a Mausimul Hijra ilas Shamal, 1966. Mustafa Sa'id ya je Landan karatu, ya mayar da ɗakinsa tarko, da turare da kayan ado da ƙaryar Gabas da ya san matan can na son ji, yana ɗaukar abin a matsayin ramuwar gayya kan mulkin mallaka. Mata 3 suka kashe kansu, ta huɗu, matarsa Jean Morris, shi ya kashe ta, ya yi shekara 7 a kurkuku. Ya dawo wani ƙauye a bakin Nilu, ya yi aure, ya zama manomi mai mutunci, sannan ya ɓace lokacin ambaliya tun littafin bai yi nisa ba. Marubuci mai gaggawa a nan zai tsaya, mai laifi ya tafi. Salih bai tsaya ba. Ya juya kan matar da aka bari, Husna Bint Mahmud, da 'ya'ya 2, da mai ba da labarin wanda Mustafa ya bar wa amanarsu. Wani tsoho mai auri-saki, Wad Rayyis, ya nace sai ya aure ta. Ta faɗa wa mai ba da labarin ƙarara cewa in aka tilasta mata za ta kashe tsohon ta kashe kanta. Yana da ikon hanawa, ko da ta hanyar ɗaura aure da ita da suna kawai, kamar yadda ita kanta ta aika a roƙe shi daga baya, kuma yana sonta bai yarda ya faɗa wa kansa ba. Ya koma bakin aikinsa a Khartum. Mahaifinta ya ɗaura auren, ta cika abin da ta faɗa, ƙauyen ya binne su da dare ya hana a yi zancen.